Kwalbar Teku a Ƙarƙashin Gadon Rahma

Sallama gare ku ƴan albarka masu bina a waya. Wadda ke girki ta rage wuta, wadda ke biro wurin aiki ta kifa wayar a cinya kada patoro mai gidan aikin ya gani. Yau zancen Rahma ɗiyar Malam Maman Lawali na kartiyen Zariya, unguwar nan ta Maradi, na kawo muku. Kada wata ta ce gulma ce. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasu, katangar gajera ce, kuma ba ni na gina ta ba.

Rahma doguwa ce, baƙa mai sheƙi, da ƴar wushirya da ba ta bari a gani sai dariya ta ci ƙarfinta. Shekararta ta ƙarshe ke nan a inibarsite tana karatun halittu, kuma kowa a ajinsu sai ya rubuta littafin binciken da suke kira memuwar kafin a ba shi takarda. Wannan ya ɗauki tsutsar gero, wancan sauro, waccan kifin tabki. Ita baiwar Allah sai ta tsallake duka ta ɗauko abin teku. Teku fa! Yarinyar da ko kogin Yamai ba ta taɓa gani ba.

Wani ɗan gilashi mai ɗauke da yankan abin teku ne ya ja mata. Mushensu, wato malamin da ke koyar da su, yana da shi guda, tsoho, ya zo da shi daga ƙasar da ya yi karatu. Wata rana ya ɗora shi a mikroskof, madubin nan na labo mai mai da ƙwayar ƙura kamar ƙwarya, ya ce kowa ya leƙa. Kowa ya leƙa ya wuce. Rahma ta leƙa ta ƙi tashi, har sai da ta bayanta ta ja mata mayafi.

Sunan abin idiroyid. In ka gan shi a hannu sai ka ce saiwar ciyawa ce, ko gashin ɗan tsako da ruwa ya jiƙa. Yana fitowa a jikin igiyar jirgi da turakun gada, can ƙarƙashin ruwan gishiri. Amma ba ciyawa ba ne, dabba ce, kowane reshe da ɗan bakinsa a ƙarshe, kowane baki kuma da ƴan yatsu kewaye da shi suna lilo suna kama abinci. Sai dai gilashin mushe ya tsufa, launinsa ya koɗe. Ya ce mata, “In kina son wanga aiki, sai kin samo sabo. Ni kuma ban san mai zuwa teku ba.”

Rahma ta sani.

Ya'u ne, yayan ƙawarta Samira, ɗan Sabon Gari, direban wani jan kamyon, babbar motar da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ba fari ba ne, ba kuma za ka ce kyakkyawa ba sai ya yi magana. Muryar ce ke da aiki, a hankali take fita kamar mai jin kunyar kalmomin. Ranar da suka fara haɗuwa a gidan su Samira, maimakon gaisuwa Rahma cewa ta yi, “Da gaske ka taɓa ganin teku?” Ya dube ta, ya dubi ƙanwarsa, ya ce, “Har na gaji da shi.” Ta ce, “Ba ka da kirki.” Daga nan abin ya kama.

Tafiyarsa ta gaba ya aiko mata bokal, saƙon murya, a waya. Ta buɗe ba ta ji magana ba, sai wani gurnani mai zuwa yana komawa, shuuu, shuuu, kamar ana sheƙar gero a babban faifai. A ƙasa ya rubuta: “Ga shi nan yana gaishe ki.” Lokacin bazara ne, zafin Maradi ya kai inda ƙadangare ma ke neman inuwa. Da azahar in an ɗauke wuta sai ta kwanta a tabarma, ta ɗora wayar a kunne, ta lumshe ido. Rufin kwano ya ɓace. Ta ga kanta tana sauka cikin ruwa kore mai sanyi, zanenta na tashi a hankali, ƴan rassan nan farare suna miƙo mata yatsu daga jikin igiya. Innarta, Hajiya Zainabu, ta kira ta har ta gaji, sai ta leƙo ta ce, “Ke wai lafiyarki? Kwanan nan kamar wadda aka saye wa hankali.”

Ku riƙe wannan magana ta Hajiya, don ba wasa take ba.

Ya'u dai ya turo kawunsa neman izini. Malam Maman Lawali mutum ne na sahun farko a masallaci, yana da gonar rani a Jiratawa inda yake kwana in aiki ya yi yawa. Bai so ba da farko. Ya ce direba rabin rayuwarsa a kan gudro take, wato kwalta, kuma an san abin da hanya ke koya wa yaro. Da ƙyar ya ce manyan yaron su zo gaisuwa ranar Asabar bayan la'asar. Hajiya ta kafa tata doka: kafin ranar babu tsayuwa da shi, babu karɓar ko allura daga hannunsa.

Abin da Hajiya ba ta sani ba, an riga an taka dokar tun kafin ta kafa ta, an kuma sake takawa bayan ta kafa. Rahma ta je farmasi ta sayi alkol, ruwan nan na goge wurin allura, ta sirka da ɗan ruwa yadda mushe ya ce, don abin teku in ba a cikinsa aka jefa shi ba kafin mota ta iso Gaya a kan iyaka ya ruɓe. Ta wanke kwalbar mayonez ta zuba. Ta ce a gida za ta labo, ta hau kabu-kabu ta tafi inda manyan motoci ke lodi, ta tsaya a gindin jan kamyon tsakiyar maza, ta miƙa masa da hannunta. Da ya dawo kuma nan ta je ta karɓa.

Ya ba ta labari yana dariya. Wai masunta sun taru suna kallon Bahaushe ya naɗe wando ya shiga ruwa har ƙugu yana kankare igiyar kwale-kwale da wuƙar yankan albasa. “Kuma abin naki ya harbe ni,” ya nuna mata bayan hannunsa. “Kamar ƙaiƙayi. Ki gaya mashi ni ɗan aike ne.”

Ta cire reshe ɗaya ta kai labo. Sauran ya kamata su bi shi, ta sani. Amma wannan ne abu na farko da ya taɓa ba ta. Ta naɗe kwalbar a tsohon ɗankwali ta tura ƙarƙashin gado, bayan akwatin atamfofi. Da hantsi in rana ta shigo ta taga sai ta fiddo ta ɗaga, ƴan rassan su juya a hankali cikin hasken, ita kuma ta manta da shara.

Aikin labo ba na gaggawa ba ne. Sai an dafa reshen cikin narkakken kaki ya daskare, a ɗaura shi a wata na'ura mai aska ta yanka shi siriri, fatar albasa ma kauri gare ta. A shimfiɗa a gilashi, a tsoma cikin rini, shuɗi da ja, kamar masu turin zane. Ranar Laraba gilashinta ya bushe. Ta sa doguwar riga ruwan ƙasa da farin mayafi, ta ɗora farar rigar labo a kai, ta zauna gaban mikroskof, ta murɗa.

Ƴan uwa, na so a ce ni ce.

Da fari hazo ne. Sai hazon ya buɗe ya zama zobe, kamar ka leƙa rijiya daga sama. Daga waje wata ƴar garkuwa mai haske irin farce. Cikinta bango na farko, ƴan ɗakuna jere kamar tubali, launin furen tumfafiya, kowane da ɗigon shuɗi a tsakiya. A cikin wasu ɗakunan ta ga ƴan ƙwai, kowane ƙwai da zare a naɗe cikinsa kamar igiyar guga. Su ne suka harbi Ya'u. Ta yi murmushi ta ce a ranta, ashe ku ne marasa kunyar. Sai bango na biyu daga ciki, ɗakunansa dogaye, cikinsu fal da abincin da aka ci a tekun Kwatano ba a gama narkarwa ba. Tsakanin bangon nan biyu wani siririn layi fari, kamar an shafa ƙaro don su manne. Shi ke nan dabbar. Ba zuciya, ba jini, ba ƙashi. Fata biyu da ɗan danƙo a tsakani, sai rami a tsakiya, ramin kuma ya bi ta kowane reshe, don haka abin da baki ɗaya ya kama duk gidan ne ya ci.

Ta ɗora wayarta a bakin madubin ta ɗauki hoto. Tana cikin neman sunan Ya'u ta tura masa, sai saƙonsa ya riga nata shigowa.

“Rahma mi na yi? Babanki ya kira kawu ya ce kada mu zo Asabar.”

Wani ya biyo: “Wai an ce ni mashayi ne.”

Ba ta san yadda ta cire rigar labo ba.

A tsakar gida ta tarar da su. Hajiya Zainabu na zaune a kujera ƴar tsugune, ta yi tagumi, ɗankwali ya zame. Gefenta Gwaggo Talatu ce, ƙanwar Malam da ke aure a Tibiri, ta zo kawo daddawa ta tarar da abin da ya fi daddawa. Kwalbar na tsakiyarsu a kan faifai, an zagaye ta da toka.

“Ga ta nan, uwar ɗakin,” in ji Gwaggo. “Zo ki gaya muna mi ne ne wanga.”

“Na karatu ne, Gwaggo.”

“Na karatu! Ni ma na ga masu karatu. Da littahi suke yi.”

Hajiya ta ɗago, idonta ja. “Atamfa na je ɗauko miki, in kai wa tela saboda Asabar. Na buɗe abin nan, warin ya buge ni har ƙwaƙwalwa, sai da na kira babanki a gona na gaya mashi. Giya, Rahma? A ɗakin da kike salla?”

“Inna, alkol ne, irin na asibiti.”

“Da saiwoyi a ciki?” Gwaggo ta tafa hannu. “Yaya Zainabu, ni na san abin nan. Maƙwabcinmu yaron mota ne. Haka suke zuwa da shi daga Kwatano, saiwa a jiƙe cikin giyarsu, su ce maganin baya ne. Safe su kurɓa, dare su kurɓa. Wanga kuma tunda ƙarƙashin gadon budurwa aka aje shi, ba na baya ba ne. Na mallaka ne. Ba ke kika ce tana kwana da waya a kunne tana jin iska ba?”

“Wa ya kawo shi gidan ga?” in ji Hajiya.

“Ya'u.”

“Wa ya zuba giyar?”

Nan bakin Rahma ya mutu. Ta ce ita? Sai a tambaye ta ina ta ba shi. Ta ce a tashar manyan motoci, ita kaɗai, sau biyu, bayan ta ce za ta labo? Ta dubi ƙafarta, ta dubi tokar. Ta yi shiru, shirun kuwa suka ɗauke shi amsa.

“Kin gani,” in ji Gwaggo. “An ɗaure bakin.”

Da yamma, bayan ta gaya masa abin da ya faru, Ya'u ya aiko: “Kada ki faɗi abin da zai ja miki. Ni na saba da zagin hanya.” Ta karanta ta kifa wayar. Wannan ya fi mata ciwo da a ce faɗa ya yi.

Da safe suka sa ta gaba sai Tibiri wurin wata mai magani, Baturiya, don Gwaggo ta ce ba a karya irin wannan sai wadda aka yi wa na wurin. Aka cusa su uku a bayan adaidaita. Kwalbar na cikin jakar Gwaggo tsakanin goro da carbi, Hajiya na gefe tana ta istigfari don ba ta taɓa zuwa irin wurin nan ba, ko kuma ta ce ba ta taɓa ba. Rahma ta jingina kai da ƙarfe. Suka bi gefen gulbi, ya ƙafe ƙaf, sai farin yashi da sawun shanu. Ta lumshe ido ta cika shi da ruwa kore har bakin mangwarori, ta sa jan kamyon yana tafiya a kansa kamar jirgi.

Baturiya tsohuwa ce ta bayan gari, cikin mutanen da ba su bar al'adar kakanni ba. Ƴar ƙarama, fara sol, shi ya ja mata sunan, da taba a leɓe. Ta karɓi kwalbar ba bisimilla ba tsoro, ta ɗaga ta saitin rana, ta daɗe tana juyawa.

“Wanga ba saiwar ƙasa ba ce,” ta ce. “Ban san ta ba. Abin ruwa ne.”

“Dabba ce, Kaka,” Rahma ta faɗa a hankali.

“Ke aka tambaya?” in ji Gwaggo.

Tsohuwar ta leƙo fuskar Rahma ta ƙasan mayafi. “Yaron kyakkyawa ne?”

Rahma ta sunkuyar da kai, wushiryar ta so fitowa.

“Uhum,” in ji Baturiya, ta tofar da taba. “Ni ban ga mugunta ciki ba. Amma tunda hankalinku bai kwanta ba, abin ruwa ruwa ake mai da wa. Ku zuba shi inda ruwa ke gudu, ya tahi gidansu.”

“Ruwa mai gudu a bazarar ga?” in ji Hajiya. “Gulbi ko ɗigo babu.”

Gwaggo ta ce, “Kanal ɗin gonar Yaya Malam a Jiratawa. Ai yau ranar ruwansa ce. Ya gani da idonsa ma.”

Haka suka sake keta Maradi daga wannan kai zuwa wancan. Rana ta take. Rahma na ta lissafin abin da za a zubar: aikin shekararta, shigar Ya'u ruwa har ƙugu, da sunansa. Sunan ne babba. In kwalbar ta bi kanal, maganar ta zauna ke nan, har jikokinsa za a ce kakansu mashayi ne.

Jiratawa kuwa kamar wata ƙasa. Ka baro farin yashi ka faɗo cikin kore, zogala jere tana kaɗa kai, tattasai ya yi ja, injin na ta bugu, ruwa na gudu cikin kanal ɗin siminti yana rarrabuwa ƙanana-ƙanana zuwa kowane fangali. Malam Maman Lawali na tsaye da hauya, wando a naɗe, tsohuwar malfa a ka. Ya ga mata uku sun nufo shi ya ajiye hauyar.

Gwaggo ta zayyana masa komai, har da abin da bai faru ba. Ta fiddo kwalbar ta durƙusa a bakin kanal, ta kama murfin.

“Baba!”

Rahma ba ta taɓa ɗaga murya gaban mahaifinta ba. Ita kanta ta tsorata da jin ta.

“Baba, ni na zuba alkol ɗin. Ni na saya a farmasi, ni na wanke kwalbar, ni na kai mashi tashar motoci da ƙafata, na ce ma Inna labo za ni. Ni na koma na karɓo. Shi aikensa na yi. Bai taɓa...” Ta ɗago ta dube shi. “Ni ce na ce ina son abin. Kuma shi ma ina son shi.”

Wani mai ban ruwa a gonar gefe ya sunkuya yana gyara abin da bai lalace ba.

Hajiya ta rufe baki da mayafi. Gwaggo kuwa ta girgiza kai cikin tausayi. “Kun ji aikin asiri. Ɗiya ta dubi ubanta ta ce tana son namiji. Yanzu ko kisan kai ya yi cewa za ta yi ita ce. Yaya, bari in zuba mu huta.”

“Dakata,” in ji Malam. Ya dubi ɗiyarsa. “Kin ce karatu ne. Ina karatun?”

Ta buɗe hoton ta miƙa masa. Ya goge hannu a riga, ya kare wayar da malfa, ya nisanta ta da ido irin na masu shekaru. Ta matso tana nuna masa da ɗan yatsa: ga fatar waje, ga ta ciki, ga danƙon da ya haɗa su, ga ramin da abinci ke bi.

“Ramin ga, ina ya nufa?”

“Kowane reshe, Baba. Hanya ɗaya ce ta rarrabu. In baki ɗaya ya ci, duk sun ci.”

Ya ɗaga kai ya dubi kanal ɗinsa har inda ya ɓace cikin zogala, ya sake duban hoton. “Ikon Allah,” ya ce a hankali. “Har da launi.”

“Launin ni na sa.”

“Hoto dai hoto ne,” in ji Hajiya. “Ni hancina ya ji abin da ya ji, Malam. Talatu ta ce irin ta direbobi ce. Wa zai ce mini ba ita ba ce? Ni ɗiyata ba za ta gidan mashayi ba.”

To, nan ne wurin. Malam ya yi tsaye yana shafa gemu. Ya dubi matarsa, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi Rahma da hawaye ya jiƙa wa gefen mayafi. Na rantse muku ya fi son a ce ƙasa ta buɗe. Da ya yi shiru, da ba wanda zai ce ya yi laifi: a zuba, a koma gida, sahun farko na nan yana jiransa.

Sai ya miƙa hannu. “Ba ni nan, Talatu.”

Ya buɗe murfin. Bai kai hanci bakin kwalbar ba irin na wanda bai sani ba. Nesa ya riƙe ta, ya kaɗa iskar da tafin hannu zuwa fuskarsa, sau ɗaya. Ya ɗiga kaɗan a bayan hannu, ya hura, ya jira ya bushe, ya sake shinshinawa.

“Ba ita ba ce,” ya ce.

“Yaya, ai maƙwabcinmu...”

“Na ce ba ita ba ce. Ta Kwatano daga bammi ake dafa ta, sodabi suke ce mata. In ta bushe a hannu tana barin wari mai ɗan zaƙi, kamar ƙullun da ya kwana, da hayaƙi-hayaƙi a ƙarshe. Kuma in an jiƙa saiwa a ciki ja take yi kamar shayi, ba ta tsayawa fari haka. Wanga ya tashi bai bar komi ba. Alkol ɗin allura ne. Yarinyar gaskiya ta faɗa.”

Ya murɗa murfin da kyau, ya goge kwalbar da gefen rigarsa, ya sa wa Rahma a hannu biyu.

“Ki kai shi makaranta yau, kada in ƙara jin shi a ɗaki. Zancen tashar motoci kuma ni da ke ne, ba a gama ba.” Ya ɗauki hauyarsa. “Ki ce ma yaron su zo Asabar. Ni zan kira kawun nashi in ba shi haƙuri.”

Rahma ta rungume kwalbar a ƙirji. Ƴan rassan da suka sha girgiza tun daga Tibiri suna sauka a hankali, ɗaya bayan ɗaya, rana na ratsa su. Ta durƙusa kawai a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta lalubo wayar, ta rubuta wa Ya'u: “Asabar. Ka sa shuɗiyar shaddar.”

Ba ta kai ga turawa ba ta ji muryar innarta, a sanyaye, irin sanyin da ya fi ihu.

“Malam.”

Bai juyo ba.

“Malam, shekarun nan da ka yi a Kwatano kafin aurenmu, ce mini ka yi tsire kake sayarwa a ƙofar masallaci.”

“Haka ne.”

“To hayaƙi-hayaƙin ƙarshen fa? A ina ka san shi?”

Gwaggo Talatu ta saki baki, carbi ya faɗi cikin kanal ruwa ya tafi da shi, ba ta ma gani ba. Malam Maman Lawali ya gyara malfa, ya dubi can ƙarshen gona kamar an kira shi.

“Ruwa zai cinye mini tattasai,” ya ce, ya kama hanya da sauri irin wanda ba a san shi da shi ba.

Hajiya Zainabu ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu, ta tuɓe takalmanta na zuwa biki ta miƙa wa Rahma, ta bi bayansa ta kan bakin kanal.